Dalma a Tayar Abednego

Ku jawo benci ku zauna, inuwar ta ishe mu duka. Mai sauri ya wuce abinsa, don mutumin da zan ba ku labarinsa bai taɓa shiri da gudu ba, labarinsa ma haka yake tafiya.

Sunansa Abednego. Mutumin Nok ne, amma Kafanchan ta riƙe shi tun yana saurayi. In kun taɓa zuwa biso a ƙasar nan, daga Kwoi har Fadan Kaje, da wuya a ce ba ku ga motarsa ba. Tsohuwar Fijo ce mai dogon baya, a da fara, yanzu ta koma kalar tsohon haƙori. An cire kujerun baya, an shimfiɗa katako da bargo. Aikinta guda ne, ta ɗauko gawa daga mutuware ranar Asabar ta kai ta ƙauyen da aka binne cibiyarta. Mutanenmu kuwa kun san su, ko a Legas mutum ya cika sai an dawo da shi bayan ɗakin ubansa.

Ba da wannan aikin ya fara ba. Fasinja ya fara ja, daga baya ya koma buhunan citta daga kasuwar Kwoi. Wata shekara wani dattijon ikilisiyarsu ya rasu, aka rasa motar da za ta kai shi gida, Abednego ya ce a sa a tasa. Tun daga ranar masu rai suka fara tsallake motarsa a tasha, masu makoki kuma suka gane ƙofar gidansa. Bai yi gardama da rabonsa ba.

Abu ɗaya ya riƙe a aikin nan kamar aya a Littafi: ba a girgiza gawa a hanya. Abokinsa Babayo, wani Bafillace da suka yi zaman tasha tare kafin ya ajiye tuƙi ya koma gona da 'yan shanunsa, ya sha tsokanarsa a kan haka.

"Abed, kai fa fasinjanka bai taɓa ƙorafi ba. Wa kake wa wannan wahalar?"

"Shi ya sa," in ji Abednego. "Mai rai zai ce direba sannu-sannu. Wanda ba ya iya faɗa, ni zan faɗar masa."

Saboda haka kowace Juma'a da la'asar sai ka same shi a gindin mangwaron tsakar gidansa yana daidaita tayoyi. Akwai masu injin yin wannan a gari, bai kuma raina su ba. Ya ce dai hanyoyinmu sukan warware aikin inji kafin mako ya zagayo, jar laka kuma in ta daskare a cikin ƙarfen taya ba ta neman izinin kowa. Sai ya koyi yi da kansa. Zai sa jak ya ɗaga tayar gaba ɗaya, ya kankare lakar da tsohon cokali, ya zaƙulo tsakuwar da ta maƙale a haƙoran taya, ya ɗan sassauta birki don kada ya riƙe. Sannan ya juya tayar da hannu, ya koma kan turmin da ya kifa, ya zauna yana jiran ta tsaya don kanta. Inda ya sauka ƙasa, ya sa alamar alli. Ya sake juyawa. In kullum wurin allin ne ke komawa ƙasa, to nan nauyin yake, sai ya maƙala 'yar dalma a ɗaya gefen. Dalmar daga kan tsohon batir yake samu, ya narkar a gwangwanin tumatir, ya bubbuga da guduma, ya lanƙwasa ta a leɓen ƙarfen. In taya ta kai ga tsayawa inda ta ga dama, yanzu nan, anjima can, ta daidaita ke nan. Allin kuwa na matarsa Zipora ne, wadda ta yi koyarwa a firamare har ta yi ritaya, ta dawo gida da ragowarsa cike da kwali.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Aikin ba na dariya ba ne, kuma bai taɓa yankewa ba. An yi shekarun tashin hankali, an yi shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a gona, hawan jini ya yi ta kayar da magidanta. Ya kai waɗanda suka girme shi, ya kai sa'o'insa, ya zo yana kai yaran da aka yi wa baftisma a gabansa. Waƙoƙin biso duk ya haddace su ba da niyya ba. In ya dawo ranar Asabar da yamma, yakan daɗe zaune a mota bai fito ba, Zipora kuma ta koyi kada ta kira shi sai ya buɗe ƙofa da kansa.

To, a 'yan shekarun nan hannunsa ya fara rawa. Da fari kaɗan ne, shayi ya ɗan zuba a faranti, maɓallin riga ya ƙi shiga. Ranar Jibin Ubangiji a majami'a, ɗan ƙoƙon ruwan inabin nan ya tsiyaye masa a wando kafin ya kai baki. Zipora ta gani, Babayo ya gani, duk wanda ya gaisa da shi ya ji. Shi kaɗai ya ce ba hannu ba ne.

"Sitiyari ne. In ya kaɗa ni tun safe, dole abin ya zauna mini a hannu."

Nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya daina tambayar alli, ya koma tambayar hannunsa. In ya dawo daga tafiya ya ji kamar rawar ta fi yawa ta dama, sai ya ƙara dalma a tayar dama. Mako mai zuwa ya ji ta koma hagu, ya ƙara a hagu. Bai ƙara zama a kan turmi yana jiran taya ta faɗi gaskiyarta ba, don wataƙila ya san abin da za ta faɗa.

Wata Asabar a hanyar Fadan Kaje, yana ɗauke da gawar wata tsohuwa, suka yi kiciɓis da babbar mota a wata siririyar gada. Wurin da ya saba wucewa ido rufe ne, amma ranar motar ta kauce masa, gefenta ya gogi bangon gadar, akwatin ya zame ya bugi ƙofar baya. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai ɗan marigayiyar na zaune a gaba, motar 'yan rakiya kuma na biye. Magana irin wannan ba ta kwana a wuri ɗaya.

Ana cikin haka yayansa Gershon ya rasu. Gershon tsohon ma'aikacin reluwe ne, shi ya ɗauko Abednego daga Nok yana yaro, ya ciyar da shi, ya kai shi koyon mota. Aka sa biso ranar Asabar a Nok. 'Ya'yansa suka zo daga Kaduna da Abuja, babbarsu Mildred ta zo gidan Abednego ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta kai ga abin da ya kawo ta.

"Baba, mun yi shawara. Akwai motar asibiti da ake haya, mai jiniya. Kai sai ka zauna a gaba a matsayinka na babba, ka huta."

"Mai jiniya," ya ce. "Na san su. Suna taka rami kamar buhun masara suka ɗauko."

"Za mu ce ya tafi a hankali."

"Na kai na kowa gida, Mildred. Na kai waɗanda ban san sunansu ba sai a jikin akwati. Yau nawa ya kwanta sai a kira baƙo?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, mun ji maganar gada."

"Motar ce. Ku ba ni zuwa Juma'a, zan gyara ta."

Mildred ba ta iya musu da ƙanen ubanta ba, ba ta kuma iya cewa to ba. Ta tashi ta shiga kicin wajen Zipora, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya fito daga kicin ɗin shi ne Zipora ta aika wa Babayo ya zo ranar Juma'a.

Ya zo bayan an sauko daga masallaci, da malafarsa da sandarsa, ya tarar Abednego ya riga ya hura gawayi zai narka wata dalmar.

"Ajiye gwangwanin nan," in ji Babayo. "Ba ni makulli in ji ta da hannuna. Nawa hannun nono kawai ya sani yanzu, ba shi da ra'ayi."

Abednego ya miƙa masa makullin. Babayo ya fita da motar ya hau kwalta, ya ɗan daɗe. Da ya dawo ya fito yana yarfe hannu.

"Wallahi Abed, rawa take kamar rariya a hannun mai tankaɗe. Haƙorana da suka rage sun kusa zubewa."

Da kun ga fuskar Abednego a lokacin. Ya juya wajen matarsa da ke tsinke ganyen yakuwa a bakin ƙofa, ya kira ta da sunan 'yarsu ta fari kamar yadda ya saba.

"Mama Jacinta, kin ji ko? Kin ji da kunnenki. Motar ce."

Zipora ba ta ɗago ba. Babayo kuwa ya tsuguna ya leƙa tayar gaba, ya daɗe yana kallo, ya zaga ya leƙa ɗayar.

"Wannan taya ce ko wuyan amarya? Wa ya jera mata wannan ado?"

Dalma ce zagaye da leɓen ƙarfen, manya da ƙanana, wata kan wata, ciki da waje.

"Duk inda na ji nauyi na sa," in ji Abednego.

"A ina ka ji?"

Abednego ya cusa hannunsa a aljihu.

"Cire su duka mu gani," in ji Babayo. "In ta ci gaba da rawa, ni da kaina zan je in ce wa yaran su bar ka ka tuƙa."

Aka sa jak. Abednego ya ɗauki filaya, amma bakin filayar ya yi ta kuskure dalmar, sai Babayo ya karɓa, ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a tsohon kwano. Zipora ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da alli ta ajiye a kan turmi, ta koma kan ganyenta.

Abednego ya juya tayar. Ta yi ta zagayawa, ta rage, ta yi kamar za ta koma baya, ta tsaya. Ya sa alama. Ya sake juyawa, alamar ta dawo ƙasa. 'Yar dalma guda ya zaɓa a kwanon, wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, aka maƙala a sama. Da aka sake juyawa, allin ya tsaya a gefe. Aka sake, ya tsaya a sama. Aka sake, ya tsaya wani wurin dabam. Ɗaya tayar ma ko dalmar ba ta nema ba. Kwanon na nan a ƙasa cike da nauyin da ya yi watanni yana ɗora wa motar da ba ta yi masa laifin komai ba.

Babayo ya sake fita da ita. Da ya dawo bai yi wasa ba. Ya ce, "Kamar a kan tabarma."

Abednego ya buɗe ƙofa ya shiga ya zauna, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Motar na tsaye a gindin mangwaro, inji a kashe. Makullan da ke rataye suka fara 'yar ƙara, cas-cas-cas, ba su daina ba.

Zipora ta zo ta tsaya a jikin taga. Hausarta irin ta gida ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Baba Jacinta, motan bai tashi ba fa."

"Na sani."

"Tun bara na so in faɗa maka. Na ce bari taya ya faɗa maka, shi kake ji."

"Na gaji, Zipora," ya ce. Rabon da ya kira sunanta haka tun yaran suna ƙanana. "Amma Yaya ne."

Babayo ya jingina da sandarsa yana kallon wani wuri. Can ya ce shi gobe ba shi da wani aiki, shanu akwai mai duba su, kuma ya daɗe bai ga Nok ba. Ya ce gawa gawa ce, ƙasa ɗaya ke jiran kowa, in iyalin ba su ƙi ba shi zai riƙe sitiyari, mai mota ya zauna a gefe ya yi ta ba da umarni kamar yadda ya iya. Aka aika wa Mildred, ta ce ta yarda.

Da safe suka ɗauko Gershon. Babayo na tuƙi, Abednego na gefe da baƙin kwat, hannayensa a matse tsakanin gwiwoyi. Bai bar abokinsa ya sha iska ba.

"Rami na zuwa, bi hagu."

"Na gan shi."

"Sauke giya."

"Abed, na ja tirela kafin ka san inda ake zuba mai."

"Tirelar shanu. Sauke giya."

Motocin rakiya na biye a hankali, har suka wuce Kwoi suka kai inda ake barin babbar hanya a shiga ta ƙauye. A nan matan zumuntar majami'a ke jira cikin atamfarsu iri ɗaya, da ganguna da caki, don al'ada ce daga nan a raka mamaci da ƙafa, mota na tafe a tsakiyar jama'a kamar ita ma takawa take. Babayo ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa.

"Daga nan ban san hanya ba," ya ce.

Hanyar guda ɗaya ce, ko akuya ba ta ɓata a cikinta. Abednego ya dube shi, ya waiga ya dubi Mildred da ta fito daga motar baya. Ta kalli hanyar, ta kalli matan da za su yi tafiya dab da motar, har da masu goyo. Sannan ta zo ta tsaya a gaban motar, daidai tsakiya, ta ce, "Baba, ka biyo ni. Kada ka wuce takuna."

Ya zaga ya shiga. Ya sa giya ta ɗaya, bai kuma canza ta ba. Mata suka ɗauki waƙa, motar ta bi bayan Mildred tana hawa kunya-kunyar hanya tana sauka a hankali, akwatin ko motsi bai yi ba. Sai dai gilashi a sauke yake, jama'a kuma na tafe ta kowane gefe. Abin da ya yi shekara yana ɓoyewa a aljihu da bayan taya, ranar duk Nok ta gan shi a fili: hannu biyu na kaɗawa a kan sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓa. Wata tsohuwa da ta san shi tun yana tsirara ta sa hannu ta taga ta dafa kafaɗarsa, ta yi ta tafiya a haka tana waƙarta har ƙofar gidan ubansu. Samari suka sauke akwatin. Shi bai fito ba sai da aka fara addu'a.

Babayo ne ya dawo da su Kafanchan. A hanya ya ce wa abokinsa wannan sau ɗaya ne, don Gershon, shi ya tsufa da zaman mota, kuma damina ta kama. Abednego ya ce ya sani, ya gode.

Bai ce ya bar aiki ba, bai kuma ce yana nan ba. Ya yarda Zipora ta kai shi asibiti, aka ba shi magani, aka ce a dawo. Wasu ranakun hannun yakan lafa har ya sha shayi bai zubar ba, wasu ranakun kuwa sai ta riƙe masa kofin. Yakan yi barci da rana yanzu, abin da bai taɓa yi ba.

Ana nan, wata Laraba da hantsi, wasu mutum biyu suka yi sallama, wa da ƙane, daga wani ƙauye a bayan Fadan Kaje. Mahaifiyarsu ce ke mutuware. Suka ce sun ji duk abin da ake faɗa, har na gadar sun ji. Amma shi ya kai babansu gida shekarun baya, tsohuwar kuma tana zaune a gaban mota a ranar, ta yi ta ba da labarin yadda aka kai mijinta kamar jariri a goye. Hanyar ƙauyensu ta lalace, masu jiniya sun ce sai dai su sauke a bakin titi a ƙarasa da babur. Su kuwa ba za su iya ɗaure uwarsu a bayan babur ba.

Ranar hannun ya ɗan lafa. Abednego ya dube shi a kan gwiwarsa, ya dubi motar, ya dubi Zipora da ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi. Mutanen nan biyu suna tsugune, hulunansu a hannu, suna jira.

To ku da kuka zauna kuka ji tun daga farko, in ku ne a kan wannan kujerar, me za ku ce musu?